Kofuna Biyu a Bayan Tanki

Litinin, 9 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Tanyos yana asibiti. Jiya da la'asar ya faɗo daga katangar saman benenmu, ya dira a barandar mutanen hawa na huɗu. Ƙugu ya karye, ƙafar hagu ta karye wuri biyu, kai ya kumbura har likitoci suka sa shi barci da gangan. Sun ce a jira.

Na ƙirga mutum arba'in da ɗaya a farfajiyar asibitin, duk 'yan jami'armu, har da malamin lissafin da bai taɓa riƙe sunana ba. Wata nas ta tare ni a ƙofa ta ce, "Kai kuma wane ne?" Na ce Nazih, ɗan kawunsa, ɗakinmu ɗaya, ajinmu ɗaya. Ta ce, "Au, ɗan'uwan Tanyos! Shiga mana." Shekara ashirin da biyu ke nan wannan ne sunana.

Da ni ne na faɗo, mutum nawa za su zo? Allah ya yafe mini, na zauna na lissafa. Shida na samu, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Ban hau saman bene ba. Ba abin da zan ɗauko a can.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Gwaggo Nuhad, mahaifiyarsa, ba ta motsa daga ƙofar ɗakin ba tun ranar Lahadi. Yau ta riƙo hannun rigata.

"Nazih, dube ni nan. Kofi nawa ya sha?"

Ba wanda ya kamata ta tambaya sai ni. Arak dai, giyar inabin ƙasarmu, ba a zuba shi sau biyu a kofi ɗaya. Da an sa masa ruwa ya yi fari yakan bar wani fari-fari a jikin gilashin, wanda zai ɓata zubi na gaba, don haka kowane zubi da sabon kofinsa. Tanyos jera nasa yake yi a gabansa. Dokar Baba kuwa kowa a danginmu ya haddace ta: uku na rawa, biyar na kujera. Da layin ya kai biyar sai in damƙi bel ɗinsa in zaunar da shi, ba katanga, ba babur, ba komai. Ranar da za mu taho Bairut karatu, a bakin mota, Gwaggo ta ce mini, "Kai ne mai hankali, ka riƙa ƙirga masa." Shi aka ba shi kyau da ƙafa da baki, ni aka ba ni ƙirga.

Kafin in buɗe baki, Yumna budurwarsa ta miƙo wayarta. Hoton da ta ɗauka ne 'yan mintoci kafin ya hau katanga. Ga shi yana dariya da hankici a hannu, ga kofuna a jere a gabansa. Uku.

"Uku kacal, Tant," in ji Yumna, haka take kiran Gwaggo, tana share hanci. "Wallahi uku."

Gwaggo ta dube ni. Na ce, "Ga hoto nan ai, Gwaggo."

Laraba, 11 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Uku ne a hoton.

Alhamis, 12 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Kwana huɗu ke nan Baba yana Bairut. Baba fa! Mutumin da ya ce iskar garin nan tari take sa shi. Shekarar farko da aka yi mini aiki a ciki, kwana huɗu na yi a kwance, man zaitun ya aiko mini da shi a hannun Mama. Yanzu ga shi yana kwana a kujerar roba, ko tari ɗaya ban ji ba.

Ɗazu na hango shi ta gilashi, ya ɗauki hannun Tanyos ya ɗora a goshinsa yana cewa, "Tashi, ɗana. Tashi, zakina." Duk ƙauyenmu Abu Nazih suke kiran sa. Sunana ne kawai a kansa.

Na sani, na sani. Maraya ne, mahaifinsa ya rasu yana shekara uku, Baba ne ya riƙe shi. Tun ina ƙarami ake karanta mini wannan. To ni da ubana ke raye, wa ya riƙe ni?

Da takardar Kanada ta zo wa Tanyos, an ɗauke shi ƙarin karatu, Baba ya buɗe tulun da ya shekara biyu a toshe, ya cika kwalba ɗaya, ya manna takarda ya rubuta da hannunsa: Na Tanyos. Ni na ɗauko ta daga ƙauye, a kan cinyata, cikin bas, tun daga saman Zahle. Murnar takardar ce ta kai mu saman bene ranar Lahadi. Kowa giyar kanti ya sha, har da ni. Shi kuwa ya rungume kwalbarsa kamar jariri yana cewa ta Kawu tasa ce shi kaɗai. Ana ta dariya. Ko ɗanɗano bai ba ni ba, giyar ubana.

Asabar, 14 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Sau huɗu Yumna ta kira ni yau. Shekara biyu ina roƙon Allah lambar nan ta fito a wayata.

"Nazih, ya motsa?" "Nazih, me likita ya ce?" "Nazih, don Allah ka kai wa Tant bargo." Na huɗun ta ce, "Ka ci abinci kuwa?" Zuciyata ta yi tsalle kamar ta wawa. Sai ta ƙara da cewa in na kwanta ciwo wa zai riƙa yi masa zirga-zirga.

Ni na fara sanin ta. A rubuta wannan a wani wuri. A ɗakin karatu na same ta tana hawaye a kan lissafin gini, wata uku ina koya mata, na gayyace ta cin abincin Lahadi a saman bene, har sabuwar riga na saya. Aka saki kiɗa, Tanyos ya hau katanga ya ja rawar dabka daga can, ya yi tsallen nan nasa, ya durƙusa ya miƙe, hankici na juyawa a sama. Daga ranar ƙeyarta na fi sani.

Mama takan ce hassada ga mai rabo taki ce. To ni na gaji da zama taki.

Lahadi, 15 ga Oktoba, ƙarfe uku na rana

Jad ɗan ajinmu ya kira. Sun koma saman benen su Ziyad, tunda mai gidanmu ya sa kwaɗo a namu ya hana taro, makulli ɗaya kawai ya ba mu. Ina jin kiɗa a bayansa.

"Taho mu sha don lafiyar Tanyos, malam mai ƙirga!"

"Mutum yana kwance bai san inda kansa yake ba, ku kuna sha?"

"To kuka zai tashe shi? Da shi ne a nan da tuni ya buɗe kwalba ta biyu. Katangar nan ma ta fi taku tsawo, kada ka damu."

Kowannensu da tabonsa. Jad a haɓa, ɗinki bakwai, matakala. Ziyad haƙora biyu, babur. Nuna wa juna suke yi kamar lambar yabo, a sheƙe da dariya, a ƙara zubawa. Yanzu Tanyos ya fi su duka, sai an shekara goma ana ba da labarinsa. Ni kaɗai ne ba ni da tabo, shi ya sa ba a juyowa wajena in ana hira.

Ban je ba.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe biyu na rana

Likita ya kira Gwaggo da Baba, ina tsaye a bayansu. Ya ce abin da suka samu a jininsa ranar da aka kawo shi ya fi ƙarfin kofi uku nesa ba kusa ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya wuce abinsa.

Gwaggo ta juyo a hankali.

"Uku ya sha, Yaya. Akwai hoto. Shekara huɗu yaron nan yana shan uku yana rawa a kan katangar nan, ko tuntuɓe bai taɓa yi ba. To me ka zuba masa a kwalba?"

"Nuhad, ki ji tsoron Allah."

"Ka zubar da kan tukunya ko ba ka zubar ba? Idonka ya yi rauni, hannunka na rawa, tun bara nake ce maka ka bari, ka ƙi!"

Kan tukunya, ruwan farkon nan da ke ɗigowa, guba ne, kowa ya san zubarwa ake yi. Shekara arba'in Baba yana dafa arak a tukunyar tagullar kakanmu, sau uku yake mayar da shi wuta, ba a taɓa cewa ga wanda ya yi ko ciwon kai ba. Amma a gaban 'yan jami'a ta faɗa masa haka, murya a sama. Kwalbar kuwa ta fashe a turmutsutsun ranar nan, ba abin da za a auna.

Baba bai kare kansa ba. Wajena ya juyo.

"Nazih, kai kana wurin. Uku ne?"

Na ce, "Haka hoton ya nuna, Baba."

Ya ɗauki hularsa. Da yamma ya hau bas ya koma ƙauye.

Talata, 17 ga Oktoba, ƙarfe bakwai na safe

Ban yi ƙarya ba. Haka hoton ya nuna.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Ya farka da hantsi. Yumna ce ta kira, tana dariya tana kuka.

"Ka san sunan da ya fara kira? Naka! Ko ni bai nema ba, cewa ya yi, ina Nazih? Taho maza!"

Na ce mata ina da gwaji gobe. Ba ni da gwaji.

Na yi murna. Wallahi na yi murna, na zauna a ƙasan banɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo. Amma likita ya ce sai wata shida kafin ya taka, rawa kuwa sai abin da Allah ya yi, Kanada ta bana ta wuce shi. Da na ji wannan sai wani abu mai sanyi ya ratsa ƙirjina, kamar an sha ruwan tulu da zafin rana. Na ɗan lokaci ne kawai. Na rubuta shi don in san irin mutumin da nake kwana da shi a riga ɗaya.

Juma'a, 20 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Mama ta kira. Lokacin inabi ne, a irin wannan mako ƙofar gidanmu ba masaka tsinke saboda kwanduna, rabin ƙauye wurin Baba suke kawo nasu ya dafa musu. Bana mutum biyu ne suka kawo. Ɗayan ma washegari ya dawo ya kwashe abinsa, wai ɗansa ne ya matsa masa.

"Ba ya cin abinci, Nazih. Zama yake a ɗakin tukunya yana kallon hannayensa. Jiya tambaya ta ya yi wai ko na ga lokacin da ya zubar da kan. Ka ji fa! Shi kansa ya fara shakkar kansa."

"Zai wuce, Mama."

"Allah ya sa. Kai dai ka kula da ɗan'uwanka."

Ko ita.

Lahadi, 22 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya na rana

Yumna ta zo ɗaukar masa kaya. Ta tarar da kwanukan ranar nan har yau a tule a kicin, ta naɗe hannun riga ta hau wanki. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ta a kicin ɗinmu, gashi a ɗaure, kumfa har gwiwar hannu. Na ce a raina, da haka za a yi ta yi.

"Nazih, kofunan arak ɗin nan ba dozin ba ne?"

"Dozin ne."

"Goma na gani."

"Sun fashe, wataƙila."

"Ni na share saman bene washegari. Gilashin kwalba kawai na kwashe."

"To me kike so in ce? Mai gadin kofuna aka ɗauke ni?"

Ta tsaya da soso a hannu tana duba na. "Daga tambaya?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na ce ta yi haƙuri, ban samu barci ba ne. Da za ta fita, da jakarsa a kafaɗa, rigarsa mai shuɗi a rungume a ƙirji, ta ce, "Kullum sai ya tambaye ka. Kwana huɗu. Ba ka jin kunya?"

Rigar nan ni na saya. Aro ya yi, bai dawo da ita ba, kuma ta fi yi masa kyau.

Talata, 24 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Jiya na sayo giyar kanti. A kofi ɗaya na yi ta sha, ban canza ba, har gilashin ya yi dauɗa. Da Baba ya gan ni da ya tofar da yawu. Amfanin kofi ɗaya shi ne ba wanda ya san nawa ne, har mai shan.

Na tashi na ga gwiwata a ɓare, jini ya bushe a wando. Matakala ce, ina jin. Ga ni da tabo yanzu, ba mai tambaya.

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe huɗu na yamma

Na hau saman bene. Suna nan inda na ajiye su, a bayan tankin ruwa, ƙarƙashin bututu. Biyu. Farin ya bushe a jikinsu.

To, bari in rubuta.

Ranar Lahadin nan, Tanyos yana kan kofi na huɗu Yumna ta ɗauki ƙanƙara da yatsunta ta jefa masa a kofi. Ya kama yatsun ya sumbata, aka yi shewa. Kwalbar tana gabana, rubutun Baba yana kallo na. Na miƙe kamar mai kwashe faranti, na haɗa da kofi biyu daga layinsa. Abin da na so shi ne ya wuce biyar, ya kai takwas, ya yi amai a kan takalminta, ta ga abin da nake gogewa shekara huɗu. Iyakar abin da na so ke nan. Ya shanye na huɗu, ya shanye na biyar, layi ya nuna uku. Aka ƙara kiɗa, ya zaro hankici, ya hau katanga. Ina zaune. Hannuna bai je ga bel ɗinsa ba.

Na manta da katangar.

Na manta da katangar.

Sau biyu na rubuta, har yanzu bai yi kama da gaskiya ba.

Asabar, 28 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Mama kuma. Baba ya yi magana da mai sayen tsofaffin ƙarafa, Asabar mai zuwa zai zo ya ɗauki tukunyar. Tuluna goma sha ɗayan da ke ɗaki kuwa a kwata zai juye su. Ta roƙe shi har da kuka, ya ce mutumin da ya kusa kashe ɗansa ba shi da hurumin dafa wa kowa komai.

Ɗansa.

In na yi shiru mako guda kawai, shi ke nan. Tukunya ta tafi, magana ta mutu, Yumna ta ci gaba da kira na ko da don bargo ne. Tukunyar ma ai ba ni za a bar wa ba. Tanyos ya koya wa awon yansun, ƙwayar da ke ba arak ƙamshi, shi ya koya wa sauraron wuta. Ni aikina ɗebo itace.

Amma tukunyar nan ita ce Baba. In aka ɗora ta a mota, ban san abin da zai rage a kujerar ba.

Litinin, 30 ga Oktoba, ƙarfe takwas na safe

Saura kwana biyar.

Laraba, 1 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Saƙo daga wayarsa: "Ka zo gobe, jaki. In ba ka zo ba zan sa a turo ni da gadon."

Alhamis, 2 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

Na je da rana, lokacin da Gwaggo ke fita cin abinci. Ya rame, an aske rabin kansa, ga ƙarafa a ƙafa. Duk da haka ya fi ni kyan gani. Nas biyu na tarar a bakin gadonsa suna ƙyaƙyata dariya.

"Ga ɓataccen nan! Sati biyu, ɗan banza. Me ka kawo mini?"

"Ba komai."

"Dama. Rufe ƙofar."

Ya ce sai shekaranjiya Yumna ta gaya masa abin da ake ɓoye masa, maganar kan tukunya da mai ƙarafa. Ya gyara kwanciya da ƙyar.

"Biyar na sha, Nazih."

Na zauna a kujerar roba.

"Na ga hannunka. Ƙarƙashin farantin salak ɗin tabbule ka sa su. Kai da ko zaitun ba ka iya sata ba."

"Ka gani, kuma ka hau?"

"To! Cewa na yi yau dai makiyayina ya sake ni. Na ɗauka kyauta ka yi mini, tunda ranata ce. Har daɗi na ji, wallahi. Na ce ashe mutumin nan yana son ganin rawata."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "Ba kyauta ba ce."

"Na sani. Kwana goma sha biyar ina kallon silin ba ka zo ba, ko jaki ya gane." Ya juyo da kai wajena. "Yumna ce?"

"Har da ita."

"Da me kuma?"

"Kwalbar."

Ya fashe da dariya har ƙugun ya kama shi, ya riƙe ƙarfen gado. "Kwalba! Da ka ce in sam maka mana!"

"Ba a roƙon giyar uba."

Dariyar ta tsaya. Ya daɗe yana kallon taga, sannan ya ce, "Ji nan. Gobe zan kira Kawu, in ce ni na ɓoye su don kada ka zaunar da ni. Kowa zai yarda, an san halina. Mamata ta zage ni kwana biyu, ba ta dukan mai karaya. Kawu ya riƙe tukunyarsa, kai kuma ka tsira. Shi ke nan, an rufe."

Abin da ya kamata in yi shi ne in faɗi in kama ƙafar da ta rage masa. Amma jini na ji ya hau mini kai. Ga shi nan kuma! Yana kwance a gado zai ceci Baba, ya cece ni, wata rana Yumna ta ji ta ƙara son sa, ni kuma in ƙare rayuwata ina gode masa. Ya ɗauki ubana, ya ɗauki yarinyar, ya ɗauki rigata, ya ɗauki sunana. Yanzu abu ɗaya tak da na aikata da hannuna, shi ma yana so.

"Ba za ka kira kowa ba."

"Kai, kada ka yi hauka. Ka san abin da ƙauye zai yi maka?"

"Nawa ne! Wannan dai nawa ne, Tanyos, ka bar mini abina!"

Sai da nas ta leƙo ta ce asibiti ne nan ba tasha ba.

A matakala na haɗu da Yumna da kular abinci. Na ce mata kofunan ba su fashe ba, ta tambaye shi sauran. Tun daga nan wayata ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, 3 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Ina cikin bas. Na naɗe kofunan a safa, suna aljihuna, ban wanke su ba. Duk ramin da muka faɗa sai sun yi magana.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

A ɗakin tukunya na same shi. Ya riga ya kwance bututun, ya goge tagullar tana ta walƙiya, wai ba zai ba mai ƙarafa ita da datti ba. Tuluna goma sha ɗaya a jere a bakin ƙofa. Bai ɗago ba.

"Ya jikin Tanyos?"

Dama mana.

"Da sauƙi, Baba."

Na warware safar, na ajiye su a kan benci a gabansa. Na ce, "Biyar ya sha. Ni na ɗauke waɗannan daga layinsa, na ɓoye a bayan tanki. Ina sane na yi."

Ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga wajen hasken taga. Ya sa babban yatsa ya shafi farin, ya shinshina.

"Na zubar da kan," ya ce, ba da ni yake ba. "Na san na zubar."

Ya ajiye kofin a hankali kamar ƙwai.

"Kana tsaye gwaggonka ta faɗa mini a gaban mutane."

"Ina tsaye."

"Na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Me ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini, Baba. Kishi nake yi. Tun ban san sunan abin ba nake yin sa."

Ya ce in je in gaya wa mai ƙarafa kada ya zo. Daga can in kira Gwaggo in faɗa mata da bakina, jibi kuma bayan an fito coci in maimaita wa duk wanda ya tsaya. Na ce to. Na juya zan fita ya ce, "Tsaya."

Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Duba na kawai yake yi, daga goshi har haɓa, kamar an kawo masa baƙon da aka ce ɗan gidan ne. Mama ta ƙwala masa kira daga kicin, bai waiwaya ba.

Shekara ashirin da biyu ina so mutumin nan ya dube ni ya daɗe, ni kaɗai, ba kowa a gefena. Yau ya duba, kuma ni na fara sunkuyar da kai.